185 ko 56? Yadda ake tantance littafin yaƙin sama da aka rubuta ana tsakar yaƙi

Duk wanda ya nemi labarin ranar Lahadi 15 ga Satumba, 1940, a Yaƙin Duniya na Biyu, zai gamu da lissafi biyu da ba sa ga maciji. A wani wuri zai karanta cewa matuƙan Birtaniya sun kakkaɓo jiragen Jamus 185 a sararin Landan da kudancin Ingila cikin wuni guda. A wani wurin zai ga 56, wani kuma ya ce 60. Kowane lissafi yana da littafin da ya jingina da shi. Yanzu da aka ɗauki hoton tsofaffin littattafan yaƙi shafi-shafi aka zuba a intanet, masu haɗa bidiyon tarihi suna kwasa daga can da nan, sai ruɗanin ya ƙaru, har wasu na ganin littafin da aka buga a lokacin yaƙin shi ne mafi inganci tunda marubucinsa ganau ne.

Lissafin 185 ɗin ya samu gindin zama ne ta wani ɗan littafi da Ma'aikatar Sojan Sama ta Birtaniya ta fitar a watan Maris na 1941, mai suna The Battle of Britain, wato Yaƙin Birtaniya. Taro ake sayar da shi, mai hotuna kuma sisi, aka sayar da kwafi fiye da miliyan ɗaya. Babu sunan marubuci a jikinsa, sai daga baya aka san Hilary St George Saunders ne, mutumin da ya saba rubuta labaran ƙirƙira masu sa zuciya ta tsinke. Wannan ɗan littafi ya dace a yi darasi da shi, domin kusan duk matsalar da ake samu a littattafan yaƙin sama na wancan zamani tana cikinsa.

Iƙirari daban, asara daban

Kalmomi biyu ne tushen maganar. Iƙirari shi ne abin da matuƙi ya dawo ya ce ya yi wa abokin gaba. Asara ita ce abin da rundunar da aka harba ta rubuta a kundinta cewa ta rasa. Littafin da aka rubuta ana tsakar yaƙi yana da asarar ɓangarensa a hannu, amma game da abokin gaba iƙirari kaɗai gare shi, don babu mai aiko wa maƙiyinsa da lissafin jiragen da ba su koma gida ba.

Birtaniya tana da tsarin tace iƙirari. Matuƙi na sauka, jami'in tattara bayanai na rukuninsa zai tsare shi da tambayoyi, a cike takardar rahoton faɗa: ƙarfe nawa, a ina, tsayi nawa, wane irin jirgi, me ya gani da idonsa. Daga nan a saka maganar cikin ɗaya daga matakai uku: jirgin ya halaka, ana kyautata zaton ya halaka, ko an yi masa lahani. Wanda aka ga ya faɗi ƙasa, ko ya kama da wuta, ko matuƙinsa ya diro da laima, shi ake sa wa a matakin farko. A takarda tsarin ba shi da laifi.

Me ya sa mai gaskiya yake kawo lissafin da ba daidai ba

A nan ne maganar ta fi nauyi, domin mutane da yawa suna tsayawa ne a kan cewa farfaganda ce kawai, alhali kuskuren ya riga masu farfaganda isowa.

A ɗauki matuƙin Spitfire ko Hurricane, jiragen tsaron Birtaniya. Bindigogi takwas ne a fikafikansa, amma harsashin da ke ciki bai wuce na daƙiƙa 15 ba idan ya danna bai saki ba. Yana tafiyar mil 300 a awa ko fiye. Ya hango jirgin Jamus mai ɗauke da bama-bamai, ya sakar masa wuta na daƙiƙa biyu ko uku, ya ga hayaƙi ya tashi daga inji ɗaya, sannan dole ya karkata ya duba bayansa, don wanda ya tsaya kallon abin da ya harba shi ake harbowa. Bayan ɗan lokaci ya leƙa ƙasa ya ga wani jirgi yana ci da wuta a gona. Me zai ce in ya sauka? Zai ce nasa ne, kuma har zuciyarsa haka ya yarda.

Matsalar ita ce wannan jirgin da ya fara hayaƙi ya rabu da ayarinsa, ya zama saniyar ware, kowane matuƙi da ke kusa zai afka masa. Biyar suna iya harbinsa a jere, daga rukunoni daban-daban da suka taso daga filaye daban-daban. Masu bindigar harbo jirage da ke ƙasa su ma suna ta ɓarin wuta a kansa. Ya faɗi sau ɗaya, an rubuta shi sau biyar ko shida. Duk wanda ya taɓa zuwa farauta ya san rigimar da ke tashi idan sanduna huɗu suka tashi kan zomo ɗaya. Bambancin kawai, a daji ana da gawar zomon a gaba a yi shari'a a kanta, a sama kuwa kowa ya koma filinsa, kuma jami'an da ke karɓar rahoto ba sa zaune wuri guda.

Akwai kuma yaudarar ido. Matuƙin Messerschmitt 109, jirgin faɗa na Jamus, idan ya ji wuta a bayansa yakan kifar da hancin jirgi ya buɗe mai gaba ɗaya, injin ya tofar da baƙin hayaƙi. Ga wanda ke binsa, wannan jirgi ne da ya harbu yana faɗuwa. Shi kuwa Bajamushen sai ya daidaita a ƙasa-ƙasa ya tsallaka ruwa ya koma Faransa lafiya lau. Ruwan da ya raba Ingila da Faransa shi ma ya rufe ƙofar bincike: idan aka ƙirga tarkacen da ke ƙasa aka ga bai kai abin da aka faɗa ba, amsar a shirye take, sauran sun faɗa teku. Kyamarar da ake haɗawa da bindiga tana nan a 1940, amma jirage kaɗan ne ke ɗauke da ita.

Shi ya sa kuskuren yake girma tare da girman faɗan. Ranar 15 ga Agusta an ce kimanin 180, ainihin asarar Jamus 75 ce. Ranar 15 ga Satumba an ce 185, abin da ya tabbata bai wuce 60 ba. A ranakun da jirage kaɗan suka gwabza kuwa lissafin yakan zo kusa da gaskiya, wani lokaci ma ya gaza ta. Wannan ya taɓa wata muhawara da aka yi a cikin rundunar kanta. Keith Park, kwamandan Shiyya ta 11 da ke tsaron Landan da kudu maso gabas, yana tura rukunoni ɗaya-ɗaya ko bibbiyu su tari abokan gaba da wuri. Leigh-Mallory na Shiyya ta 12 da wani matuƙi na ƙarƙashinsa, Douglas Bader, sun fi son a tara rukunoni uku zuwa biyar a afka gaba ɗaya, hujjarsu kuma yawan jiragen da suka ce suna kakkaɓowa. Sai dai tara jirage da yawa wuri guda shi ne ainihin abin da ke ninka iƙirari. Lissafin da ya kumbura ya shiga cikin abubuwan da aka auna shugabanni da su, kuma kafin shekarar ta ƙare an ɗauke Park daga kujerarsa an ba Leigh-Mallory.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo

Hanyar tantancewa mafi ƙarfi ita ce a je kundin wanda aka harba. A rundunar sojan saman Jamus, kowane rukuni yana aika rahoton jiragen da ya rasa zuwa ofishin babban jami'in samar da kayan aiki. Ana rubuta rana, irin jirgin, rukuninsa, wurin da abin ya faru, sunayen mutanen ciki, da girman lahanin a ma'aunin kashi ɗari. Jirgin da lahaninsa ya kai kashi 60 ko fiye, an fid da rai da shi. Dalilin da masana suka yarda da wannan kundi mai sauƙi ne: ba don jarida aka rubuta shi ba. Takardar neman maye gurbi ce. Kwamandan da ya ɓoye asara ba za a aiko masa da sabon jirgi ko sabon matuƙi ba.

Bayan yaƙi waɗannan takardu suka shiga hannun Birtaniya. A 1947 gwamnati ta shaida wa majalisar dokoki cewa daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoba, 1940, an yi iƙirarin jirage kusan 2,700, amma kundin Jamus ya nuna 1,733. Wato a kowane uku da aka faɗa, kimanin biyu ne suka tabbata. Aka juya ma'aunin kan Jamusawa, sai aka ga nasu ya fi muni: sun ce sun hallaka jiragen Birtaniya fiye da 3,000, alhali lissafin hukuma na jiragen tsaron Birtaniya da aka rasa 915 ne.

A nan akwai wani tarko da masu gaggawa ke faɗawa. Ɗan littafin 1941 ya ce jirage 2,375. Bai halatta a ajiye wannan kusa da 1,733 a cire ɗaya daga ɗaya ba, domin littafin ya fara ƙirga ne daga 8 ga Agusta, lissafin 1947 kuma daga 10 ga Yuli. Haka ma mutanen da aka rasa: littafin ya ambaci matuƙa 375 da suka mutu, lissafin da aka yarda da shi yau na mutanen rundunar jiragen tsaron Birtaniya 544 ne, amma kwanakin da ya ƙunsa sun fi yawa. Kafin a ce littafi ya yi kuskure, sai an tabbatar abu ɗaya ake ƙirgawa, a tsakanin ranaku ɗaya.

Kundin Jamus ɗin shi ma ba wahayi ba ne. Akan shigar da asara a makare, kwana biyu ko mako bayan ta faru. Yana haɗa jirgin da aka harbo da wanda ya yi hatsari wajen sauka ba tare da ya ga abokin gaba ba. Jirgin da ya koma Faransa da ramukan harsashi ya tarwatse a filin sauka, wani mai bincike zai ƙirga shi cikin asarar faɗa, wani ya ware shi, kuma daga irin wannan ne 56 da 60 suka rabu. Takardun rundunar da yawa an ƙone su a 1945, na 1944 ma akasarinsu sun salwanta. Masu bincike na baya, da suka bi jirgi ɗaya-ɗaya suna haɗa kundin Jamus da na Birtaniya da rahoton 'yan sanda da ramukan da aka tono a gonakin Kent da Sussex da ke kudancin Ingila, sun ɗaga lissafin zuwa kimanin 1,887 na Jamus da 1,023 na Birtaniya.

Jirgin da bai taɓa shiga yaƙi ba

Ba lissafi kaɗai ake dubawa ba. A 1940 Jamusawa sun ɗauki jirage goma sha biyu na wani samfuri, Heinkel 100, wanda rundunarsu ba ta karɓa ba, suka riƙa sauya musu fenti da lambobi suna ɗaukar hoto a wurare daban-daban, suka baza a mujallu da sunan sabon jirgi Heinkel 113 da ya cika rukunoni. Birtaniya ta haɗiye ƙugiyar. Aka saka shi a littattafan gane jirage, matuƙa suka riƙa dawowa suna cewa sun gwabza da shi, wasu har sun harbo shi. Ko ɗaya bai taɓa zuwa sararin Ingila ba. Messerschmitt 109 suke gani, amma an riga an gaya musu abin da za su gani. Duk littafin lokacin da ya kawo wannan jirgi da gudunsa da makamansa, marubucinsa bai ƙirƙira ba, ƙaryar abokin gaba ya kwafa da zuciya ɗaya.

Abin da aka yi shiru a kansa

Gyaran lamba ya fi sauƙi a kan gano abin da ba a faɗa ba. Ɗan littafin bai ambaci rada ba, na'urar da ke hango jirage tun suna haɗuwa a sararin Faransa, domin sirri ce, sai a watan Yuni na 1941 aka bayyana wa jama'a akwai ta. Karanta saƙonnin sirrin Jamus kuwa ba a yi maganarsa a fili ba sai 1974. Mai karatun 1941 ya tashi da fahimtar cewa jarumtar matuƙa ce kusan komai, alhali tsarin hange da sadarwa da ke ƙasa shi ke kai su inda abokin gaba yake a kan lokaci.

Sunan Hugh Dowding, wanda ya gina wannan tsari ya kuma jagoranci rundunar tsaron, bai fito a littafin ba, na Park ma haka, amma sunan Goering, shugaban sojan saman Jamus, yana ciki. Firayim Minista Churchill da kansa ya rubuta wa ministan sojan sama yana ƙorafi, ya kwatanta abin da ba da labarin yaƙin ruwa na Trafalgar ba tare da an ambaci Nelson, kwamandan Birtaniya da ya ci shi, ba. Ma'aikatar ta dogara da al'adarta ta ƙin fifita sunan mutum ɗaya. Masu suka kuma suna nuna cewa watanni kaɗan kafin nan aka sauke Dowding. Mutanen jiragen kai farmaki na Birtaniya, waɗanda suka riƙa dukan kwale-kwalen da Jamus ta tara a tashoshin Faransa da Beljiyam don tsallakowa ta mamaye Ingila, sun mutu fiye da na rundunar tsaron a wannan tsakanin, amma labarin bai zama nasu ba.

Sannan akwai fasalin labarin kansa. Littafin ne ya yanka wa yaƙin ranar farawa da ranar ƙarewa, ya kasa shi mataki huɗu, ya ɗora 15 ga Satumba a ƙololuwa. Dowding daga baya ya mayar da farkon zuwa 10 ga Yuli. Marubutan Jamus da yawa ba su ga wani yanki a 31 ga Oktoba ba, tunda ruwan bama-bamai na dare a kan biranen Birtaniya ya ci gaba har Mayun 1941, ya kashe fararen hula fiye da 40,000. An gyara lambobin tun 1947, amma fasalin yana nan a yawancin littattafan makaranta.

Masu kare littafin da masu sukarsa

Masu suka suna cewa hukuma ta san lissafin ya kumbura, ko aƙalla tana da dalilin yin shakka, tunda tarkacen da ke ƙasa bai kai ba kuma 'yan jaridar Amurka suna ta tambaya, amma ta buga shi a matsayin abin da aka tabbatar. Suna kawo misalin littafi na biyu da marubucin nan Saunders ya yi a 1941 kan jiragen kai farmaki, wanda ya nuna ana samun wuraren da aka nufa a Jamus, alhali a watan Agusta na shekarar wani binciken sirri da David Bensusan-Butt ya yi kan hotuna sama da 600 ya gano cewa cikin jiragen da suka ce sun kai hari, ɗaya cikin uku ne kawai ya kusanci wurin da tazarar mil biyar. A yankin Ruhr mai masana'antu a Jamus, ɗaya cikin goma ne.

Masu karewa suna cewa lambobin ba a ofis aka ƙirƙire su ba, daga bakin matuƙa suka fito, kuma asarar da Birtaniya ta riƙa sanarwa ta ɓangarenta ba ta yi nisa da gaskiya ba. Sun ƙara da cewa babban hukuncin littafin ya tsaya da ƙafarsa: Jamus ba ta samu iko da sararin Ingila ba, kuma ranar 17 ga Satumba Hitila ya ɗage shirin tsallakowa. Rasa jirage 56 ko 60 a wuni guda, bayan an gaya wa matuƙan Jamus cewa abokan gabarsu sun kusa ƙarewa, ya isa ya yi wannan aiki.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana da gaskiya a fagensa. Littafin shaida ce mai kyau kan abin da aka yi imani da shi a 1941 da abin da gwamnati ta so a yi imani da shi. Shaida ce mai rauni kan adadin jiragen da suka faɗi. Wani abin lura kuma, kumburin lissafi ya fi cutar da wanda ya gina shiri a kansa. Sashen leƙen asirin sojan saman Jamus ƙarƙashin Joseph Schmid ya riƙa cire iƙirarin matuƙansa daga adadin jiragen Birtaniya, har a tsakiyar Agusta ya ce saura kimanin 300 masu iya tashi, alhali sun ninka haka fiye da sau biyu, kuma masana'antun Birtaniya suna ƙera jiragen tsaro fiye da na Jamus.

Ina ruwan mai karatu na yau

Yaƙin Hitila, kamar yadda dattawa ke kiransa, bai tsaya a Turai ba. A cikin wannan watan na Satumba 1940 aka fara haɗa jiragen yaƙi a Takoradi ana tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, zuwa Khartoum da Alƙahira. An tara kuɗin taimakon yaƙi a Najeriya har aka sa wa rukuni na 91 na sojan saman Birtaniya sunan ƙasar. Labaran da suka sa mutane suka buɗe aljihu daga irin waɗannan sanarwoyi na Landan suka fito.

Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, ko mai fassara tarihi zuwa Hausa, ko mai shirya bidiyo, in ya ɗauki lamba daga littafin yaƙi, zai fara da duba shekarar da aka buga shi da wanda ya ɗauki nauyinsa. Sai ya tambayi kansa ko lambar iƙirari ce ko asara, daga wace rana zuwa wace rana, sannan ko an taɓa haɗa ta da kundin ɗaya ɓangaren. Rahotannin matuƙan Birtaniya da kundin ayyukan kowane rukuni suna ajiye a ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Kew a Landan, wasu ana samunsu ta intanet. Idan ya rubuta "an ce 185 a lokacin, bincike ya nuna 56 zuwa 60", ya fita haƙƙin mai karatu.

Tambayoyin nan ba su tsufa ba. A 2022 an yi ta yaɗa labarin wani matuƙin Yukren da aka ce shi kaɗai ya kakkaɓo jiragen Rasha masu yawa a sararin Kyiv, daga baya rundunar sojan saman ƙasar ta fito ta ce babu mutum ɗaya mai wannan tarihi. A Najeriya ma akan ji sanarwar cewa harin sama ya hallaka 'yan bindiga kaza a daji kaza. Wannan iƙirari ne a ma'anar da aka bayyana a sama, abin da aka gani daga sama cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma 'yan bindiga ba su da ofishin da ke ajiye kundin asara da za a zo a duba wata rana. Inda aka samu lissafin ƙasa, daga mutanen gari yake fitowa. A Rann ta jihar Borno, a Janairun 2017, jirgin soja ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, rundunar ta amsa kuskure ne. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, a Disambar 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya ɗauki taron Mauludi a matsayin taron 'yan bindiga, kuma adadin mutum 85 da hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta bayar ya fito ne daga ƙirgar waɗanda aka yi wa jana'iza.